Harshen da Malamai Suka Raina

Da sunan Allah, Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabinmu da alayensa da sahabbansa.

Daga mahaifinka a birnin Sakkwato, zuwa ga ɗana. Ina gaishe ka gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, ƙafarka ba ta kumbura ba, cikinka bai ƙi ruwan hanya ba. Na ce wa innarka ta sa ta a ƙasan tufafinka don kada ka gan ta sai kun sauka Gusau. Allah ya tsare ka daga sharrin hanya, ya kai ka Kaduna lafiya, ya haɗa ka da mutanen kirki.

Ba labarin gida zan ba ka ba, don kwana kaɗan ba sa canza gida. Aikin da za ka kama shi ya zaunar da ni rubutu. An ce za ka zama tafinta, ka tsaya tsakanin Bature da talakawa, ka ɗauki maganar wannan ka kai wa wancan. Ni ban yi boko ba, Turancinku ko gaisuwa ban iya ba. Amma na tsufa ina ma'amala da harshe, kuma manyan kurakuran rayuwata duk ta nan suka shigo. Gara ka ji su daga gare ni da ka taka su da ƙafarka.

Na tashi a zauren kakanka, wanda ba ka riska ba. Har yanzu in na rufe ido ina ganinsa a kan buzunsa, ɗalibai sun kewaye shi, ƙamshin tawada da na fatar littattafai ya cika zauren, daga cikin gida kuma ana jin lugude, Inna, mahaifiyata, da matan gida suna daka suna waƙa. Ni a lokacin kunnena ɗaya kawai yake aiki, wanda ke fuskantar zaure. Allah ya ba ni saurin hadda. Kafin gemuna ya fito na riga na kama nahawu, na fara yin baitoci da Larabci, manya suna yaba mini. Yabon nan ya shiga kaina. Na koma ganin Hausa kamar tsohon takalmi, abin sawa a shiga kasuwa, a tuɓe shi a bakin zaure. In liman ya yi kuskuren wasali ɗaya a huɗuba, ni ne zan tare shi a ƙofar masallaci. Abokaina suka sa mini suna Malam Gyara, ni kuwa na ɗauka kirari ne.

Shekarar da Nasara suka shigo garin nan, kana goye a bayan innarka. Mutane da yawa suka nufi gabas, na bi su, da niyyar in yi aikin hajji in ƙaro karatu. Inna ta rako ni har soron waje, ta ɗura mini guzurin dakkwa a jaka, ta ce, "Ka tahi lahiya. In ka samu mai zuwa, ka aiko muna da magana." Na ce to. Ban waiwaya ba, don ina ganin waiwaye rauni ne.

A cikin ayarinmu akwai wani baduku mai suna Mode, wanda karatunsa bai wuce abin da zai yi salla ba. Muka sha wuyar hanya tare har muka isa Umdurman, a ƙasar Sudan. Ranar da muka shiga kasuwar garin na ce wa 'yan'uwa su bar mini magana, tunda yau mun zo ƙasar Larabci. Na tsaya gaban wata tsohuwa mai sayar da gurasa, na gyara murya, na tambaye ta da Larabcin littafi, kowane wasali a mazauninsa. Ta dube ni, ta kira maƙwabciyarta, ta ce in sake. Na sake. Suka tuntsire da dariya, ɗayar ta ɗaga hannu ta ce amin, ta zaci addu'a nake yi musu. Da ta mayar mini da magana kuwa, ko kalma uku ban kama ba.

Mode bai yi kwana ashirin a garin ba ya fara ciniki da su. Yana zama wurin dukawansu, yana nuna abu yana tambaya, in ya faɗa ba daidai ba su yi dariya, shi ma ya yi. Shi ya riƙa sayo mana abinci, shi ya nemo mana raƙuman da suka kai mu bakin teku. Ni ina cin abin da ya sayo, ina ce wa mutane Larabcin Mode Larabcin jakai ne. Wata rana ya ji. Bai yi fushi ba, ya ce, "Gaskiya na, Malam. Amma jakin nan shi ad ɗauke da kai." Na yi kwana biyu ban yi masa magana ba. Mun rabu a Jidda ban taɓa ce masa na gode ba, kuma ban sake ganinsa ba.

Ɗana, duk garin da ka shiga, ka zama ɗalibi kafin ka zama malami. Wanda ya yarda a yi masa dariya kwana ashirin ya huta har abada. Kuma in wani ya ɗauke ka a bayansa, kada ka tsaya duba ko takalminsa ya tsinke.

Bayan na sauke farali na tafi Madina, a can na samu wani mai komawa gida. Na tuna alkawarin Inna. Na zauna kwana uku ina tsara mata wasiƙa da Larabci, mai ƙafiya, cike da kalmomin da sai an buɗe ƙamus. Na kwatanta kewar gida da kukan kurciya, na kwatanta hanya da teku. Ban ce mata ina lafiya ba. Ban tambayi ciwon gwiwarta ba. A raina ina hango yadda za a karanta takardar a zaure, malamai su girgiza kai su ce yaron nan ya yi nisa. Da sunan Inna na rubuta ta, amma don malaman zaure na yi.

Daga nan na wuce Misra. Na yi shekaru a Alƙahira ina zama gaban malamai, sannan na gangara Iskandariyya, birnin da ke bakin Bahar Rum, don an ce akwai wani shehi a can mai karantar da ilimin magani. Ban same shi da rai ba. Zazzaɓi ya kama ni a garin da ban san kowa ba, wata rana da hantsi na yanke jiki na faɗi a ƙofar wani kanti.

Na farka a kan benci, wani tsoho fari mai farin gashin baki yana ɗura mini wani abu mai ɗaci. Mai kantin magani ne, mutanen unguwa suna ce masa Hawaja Yanni, don haka Misrawa ke kiran fararen da ke zaune cikinsu. Bayunane ne, daga mutanen da Turawanku ke kira Girkawa. Na san sunan Yunanawa tun a zauren kakanka, don littattafan maganinmu suna yawan cewa masu hikimar Yunan sun ce kaza. Amma na ɗauka sun ƙare tun zamanin da, kamar Adawa da Samudawa. Sai ga ɗaya a kaina yana shafa mini ruwa a goshi.

Da na warke ya bar ni a bayan kantin, ina daka masa saiwoyi ina tankaɗe. Ba addininmu ɗaya ba, amma in lokacin salla ya yi shi yake ce mini, "Ya Takruri, ajiye taɓarya, Ubangijinka na kira." Takruri suke ce wa duk wanda ya fito daga ƙasashenmu. Ina kewar kantin nan har yau: ƙamshin kanumfari da na'ana'a, kwalabe jere har rufi, iskar teku tana shigowa da la'asar tana kaɗa labule, shi kuma yana zaune a kujerarsa da ɗan ƙaramin kofin gahawa.

Halina bai bar ni ba. Larabcin Yanni na titi ne, ya ma fi na Mode karkacewa, na kuwa dinga gyara masa. Ya yi ta haƙuri. Wata la'asar na gyara masa kalma ɗaya sau uku a gaban mai saye. Da mutumin ya fita ya ce, "Ya Takruri, da wane Larabci na ce maka buɗe bakinka ka sha magani?"

Na ce, "Da wannan naka."

Ya ce, "Ka warke ko ba ka warke ba?"

Ya jawo mini kujera ya ce in zauna. Ashe kafin ya gaji kantin daga surukinsa malamin makaranta ne a ƙasarsu. Ya ce zai ba ni labarin irina, don su ma sun yi Malam Gyara da yawa.

Ya ce a zamanin da, ƙasar Yunan garuruwa ce barkatai, tsibirai da duwatsu, kowane gari da karin harshensa, kowa yana ganin nasa ne daidai. Na birnin Atina ya fi suna, don da shi manyan masu hikimarsu suka yi rubutu. Sai wani sarkin yaƙi ya taso daga arewacinsu, wanda ya kafa birnin da muke zaune a ciki. Ya tara mayaƙa daga garuruwa dabam-dabam, ya ci ƙasashe tun daga Misra da Sham har bakin ƙasar Hindu. Mayaƙan nan dole su fahimci juna, haka fataken da suka biyo su, haka mutanen ƙasashen da aka ci. Sai aka ɗauki harshen Atina, aka goge masa kaifi, abin da ke da wuyar faɗi ya sauƙaƙa, kalmomin wasu garuruwa suka shigo. Aka samu harshe ɗaya da soja da ɗan kasuwa da matuƙin jirgi da baƙo duk suke ji. Sunan da suka ba shi, a bakin Yanni yana fita kamar "kini", ma'anarsa "ta kowa".

Na ce, "Wato Yunanancin jakai."

Ya yi dariya har ya yi tari. Ya ce, "Haka malamanmu suka ce. Sun rubuta littattafai sukutum suna cewa kada ka faɗi kaza, ka faɗi kaza, yadda mutanen Atina suka faɗa shekaru aru-aru da suka wuce. Suna raina shi, shi kuwa yana tafiya."

Ya ce sarkin ya mutu da ƙuruciya, daularsa ta tsage, daga baya Rumawa suka zo suka mallaki ƙasashen, amma harshen nan bai tafi ba. Rumawan ma da shi suke mulkin gabas. Yahudawan Iskandariyya da 'ya'yansu suka daina jin harshen kakanninsu, cikinsa suka juya littattafan addininsu. Mabiya addinin Nasara na farko da suka so maganarsu ta kai ga masunta da bayi da mata, da shi suka rubuta nasu. Ya nuna kwalaben kantinsa ya ce likitocin da Larabawa suka fassara littattafansu, waɗanda kakanka yake ambata, da yawansu a zamanin wannan harshe suka rayu, da shi suke tambayar mara lafiya ina ke ciwo.

Na ce, "To ina ya ƙare?"

Ya ce, "Bai ƙare ba. Ya tsufa ne ya haihu. Wanda kake ji ina yi da matata jikansa ne. Kare-karen harshen garuruwan da, masu taƙama, kusan duk sun mutu, na kasuwa shi ya bar zuriya." Ya ƙara da cewa har a lokacin ana rigima a ƙasarsu tsakanin masu son a yi rubutu da tsohon salo da masu son a rubuta yadda uwa ke yi wa ɗanta magana.

Sannan ya gaya mini abin da ya karya ni. Ya ce a 'yan shekarun nan masu tone-tone suna haƙa tsofaffin jujin garuruwa a can saman Kogin Nilu, inda ba a ruwan sama, suna samun takardun mutanen da, irin waɗanda ake yi da wata ciyawar bakin kogi. Da yawansu ba littattafan hikima ba ne. Wasiƙun talakawa ne, da harshen nan na kowa, cike da kuskuren rubutu. Soja yana gaya wa uwarsa ya iso lafiya, ta aiko masa da riga don sanyi. Mata tana ce wa mijinta yaro ya fara tafiya. Ya ce, "Na karanta manyan masu hikimarmu na girmama su. Amma da na karanta waɗannan, ya Takruri, kuka na yi. Muryar mutum na ji."

Na tashi na koma wurin turmi, na kasa ɗaga taɓarya. Takardar Madina ce ta faɗo mini a rai. Kafin magariba na nemi alƙalami na rubuta wa Inna wata da ajami, da Hausarmu ta tsakar gida. Na ce ina lafiya, na yi ciwo na warke, ina cin abinci, ina marmarin furarta, yaya gwiwarta, yaya jaririn da na bari. Na rasa wanda zan ba, sai na ga ba ni da wani ɗan aike da ya wuce ni. Na yi sallama da Yanni. Ya cika mini jaka da maganin zazzaɓi, ya rungume ni a bakin kanti, ya ce in gaida uwata. Na kama hanyar gida, na yi fiye da shekara ina tafiya.

Na iso Sakkwato na tarar an yi wata bakwai da binne ta.

Innarka ce ta ba ni labarin takardar Madina. Ta ce ranar da ta iso, Inna ta yi shara, ta sa turare, ta aika a kira wani malami daga maƙwabta. Ya karanta daga farko har ƙarshe yana jinjina kai. Inna tana bayan labule ta ce, "Malam, mi yac ce?" Ya ce, "Ya yi baitoci masu kyau ƙwarai." Ta ce, "Ya ce shina lahiya?" Malamin ya sake dubawa ya ce, "Bai faɗa ba, amma mai irin wannan rubutu lafiyarsa ƙalau." Sai ta ce, "Wagga ba muryar ɗana ba ta." Duk da haka ta sa aka ɗinke takardar cikin fata kamar laya, ta rataya a wuya, da ita ta cika.

Na je kabarinta da safe da takarda ta biyu a aljihu. Na yi mata addu'a, na zauna, ban san abin da zan yi da takardar ba. Daga ranar na koma na nemi waƙoƙin wa'azin da magabatanmu, maza da mata, suka tsara da Hausa da Fillanci. Sun fi ni Larabci nesa ba kusa ba, amma sun san makiyayi da mai daka su ma suna da kunne. A gidanmu ake rera waƙoƙin nan tun ina yaro, ni ne ban saurara ba.

Don haka, ɗana, in za ka rubuto wa innarka, ka rubuto da ajami, da maganar da kuke yi in kana zaune a bakin murhunta. Ka ce mata ka ci abinci. Ka gaya mata irin ɗakin da kake kwana. Kada ka jira sai ka samu abin burgewa, kuma kada ka jira mai zuwa na biyu in ka samu na farko.

Da a nan labarina ya tsaya, da na ce na koyi darasi. Amma sani dabam, hali dabam. Abin da zan faɗa yanzu ko innarka ba ta san shi duka ba.

Bayan dawowata aka ɗauke ni magatakarda a kotun wani alƙali. Lokacin Sabon Gari ya fara cika da baƙi, tsofaffin sojoji da 'yan dako da masu sana'a daga kudu, suna wata irin Hausa da muke kira ta bariki. Ba su bambanta namiji da mace, kowa "ya" ne a bakinsu. Na lura da haka tun farko, har na ce a raina ga abin da Yanni ya ba ni labari yana faruwa a ƙofar gidanmu.

Wata safiya aka kawo wani ga-ruwa mai suna Tanko, mazaunin Sabon Gari, ana tuhumarsa da satar rago. Mai ƙara wani bafatake ne da ya dawo daga tafiya ya tarar babu rago a gidansa, matarsa kuma ta tafi Wurno haihuwa wurin iyayenta. Ya ga ragon ɗaure a ƙofar Tanko.

Alƙali ya tambaye shi. Tanko ya ce, "Ni ba sata. Ya ba ni. Ya ce, Tanko, kai kawo ruwa kullum, ɗauka rago, sadaka."

Alƙali ya ce, "Mai gidan ne ya ba ka?"

Ya ce, "I, mai gida. Ya ba ni."

Bafataken ya rantse bai taɓa ba shi ko akuya ba. Tanko ya ruɗe, ya dinga nuna gabas da hannu yana cewa, "Ba wannan ba, ɗayan. Ya tafi, ya tafi." Mutane suka fara dariya, wani ya ce ashe gidan maigida biyu gare shi. A daidai nan abin ya faɗo mini a rai: matar yake nufi. Ita ce ta tafi, Wurno kuwa gabas take. Alƙali ya juyo ya ce, "Malam, kai da ka yi yawon duniya, ka gane abin da yake faɗi?"

Kalma ɗaya ta isa. In ce a tambaye shi, namiji ko mace. Amma kotu ta cika, ana cikin raha, kuma wata magana mai daɗi ta zo mini a baki. Na ce, "Allah gafarta malam, na karanta nahawu har Misra, amma ba a koya mini wannan babin ba." Kotu ta kece da dariya, har alƙali ya rufe baki da hannun riga. Na ji daɗi. Aka yi wa Tanko bulala a bainar jama'a, aka zaga da shi kasuwa. Ni na rubuta hukuncin, da kyakkyawan Larabci.

Bayan an yi arba'in matar ta dawo da jaririnta, ta tambayi ina mai kawo ruwa. Ragon nata ne, ita ta ba shi sadaka ranar da za ta tafi, don Allah ya sauke ta lafiya. Mijin ya zo kotu kansa a ƙasa. Aka aika Sabon Gari, aka tarar Tanko ya bar gari tun ranar da aka sake shi. Kowa ya ce ƙaddara ce, ba wanda ya zarge ni, don ba wanda ya san na gane. Ni kaɗai na sani, da Wanda ba a ɓoye masa.

Na yi shekara biyu ina tambayar fatake. Daga ƙarshe wani ya ce ya gan shi a Jega yana dako. Na ce wa mutanen gida zan je duba wani littafi, na hau jaki. Na same shi da azahar a gindin wata tsamiya a bakin kasuwa, ya rame, yana cin rogo. Ya gane ni, ya yunƙura zai durƙusa, na riga shi zama a ƙasa. Na gaya masa an gano gaskiya. Sannan na gaya masa abin da ya fi wuya, cewa na gane maganarsa tun a ranar, na zaɓi dariya.

Ya daɗe yana kallon rogon hannunsa. Ya ce, "Malam, bulala ya warke. Dariya ne bai warke ba."

Duk baitocin da na haddace ba wanda ya zo. Can ya ce, "Daga Sakkwato ka zo? Don ni?" Na ce don kai. Ya gutsura rogon biyu ya miƙo mini rabi, ya ce, "Ci. Na yafe." Na roƙe shi ya dawo, ya ce a'a, nan ba wanda ya san bayansa. Na ci rogon nan ina hawaye a tsakiyar kasuwar Jega, ban taɓa jin magana mai fasaha kamar tasa ba.

To, ɗana, ga inda za ka. Garin da za ka sabo ne, an tara masa mutane daga kowace kusurwa, kuma Hausar da za ka ji a can ba ta zauren kakanka ba ce. Kanawa za su gane ka da ka buɗe baki, su kwaikwayi "munka" da "sunka" ɗinka. Kada ka ji kunya, nonon da ka sha ke nan. Kada kuma ka yi girman kai da shi. Za ka ji Hausar soja, da ta ma'aikacin jirgin ƙasa, da ta matar da ta koye ta jiya a kasuwa. Ban san gaibu ba, amma ina zaton wannan Hausar da ake yi wa dariya za ta kai inda tamu ba ta taɓa zuwa ba, kamar yadda ta Yunanawa ta yi. Ban ce ka saki Larabcinka ba, shi ne harshen sallarka da karatunka, ka riƙe shi da kyau. Ka dai sani ba a ba ka shi don ka taka wani ba.

In talaka ya tsaya gabanka yana rawar baki, ka sani wuyansa yana kan harshenka. In ba ka gane ba, ka ce ba ka gane ba, ka sake tambaya, ko Bature ya ƙosa. Kada ka yi wa maganar mai ƙarfi kwalliya, kada ka rage wa ta mara ƙarfi nauyi. In ɗaki ya ɗauki dariya a kan wani, kai ka zama wanda bai yi ba. In kuwa ka yi kuskure, kuma za ka yi, kada ka bari ya shekara biyu.

Lokacin da za ka karanta wannan ka riga ka ga ban raka ka ƙofar gari ba. Ka zo sallama ina zaure da ɗalibai, na ce Allah ya kiyaye, ban ɗaga kai daga littafi ba. Ka san al'adarmu da ɗan fari, haka kakanka ya yi mini, haka na iya. Amma ina so ka sani, tun ranar da aka ce za ka tafi nake buɗe littafi a shafi ɗaya, ɗalibai suna jira, ban san abin da ke cikinsa ba. Abin da bakina ya kasa faɗa maka shekara ashirin, ga shi hannuna ya faɗa: na yarda da kai, ina alfahari da kai, kuma gidan nan zai yi mini faɗi.

Allah ya tsare gabanka da bayanka, damanka da hagunka. Allah ya sa gaskiya a harshenka, tausayi a kunnenka. Ya raba ka da zaluntar kowa, ya raba kowa da zaluntarka. Ya jiƙan Inna da kakanka, ya saka wa duk wanda ya taɓa ɗaukar baƙo daga bakin ƙofa. In da rabon mu gana, Allah ya dawo mana da kai lafiya. In babu, na yafe maka duniya da lahira, kai ma ka yafe mini.

Innarka tana gaishe ka, ƙannenka suna gaishe ka. Aminci ya tabbata a gare ka, da rahamar Allah da albarkarsa.

Mahaifinka.